Wai da gaske a tsibirin Prince Edward aka haifi Kanada?

Nura: Salamu alaikum jama'a. Tunda nazo karatu Charlottetown, babban birnin tsibirin Prince Edward, kullum sai naji suna cewa nan ne mahaifar ƙasar Kanada, kuma wlh na fara yarda, a ginin majalisar tsibirin, Province House, akai taron farko na haɗa larduna su zama ƙasa ɗaya a Satumban 1864

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. Nura ni kam ban yarda ba. Tsibirin da aka zauna a gidansa amma da aka kafa ƙasar a 1867 yaƙi shiga? Sai 1873 fa suka shigo, shima bashin hanyar jirgin ƙasa ne ya shaƙe su, ba son haɗin kai ba. Ainihin aikin a Kubek akai shi watan Oktoban 1864, can aka rubuta ƙudurori 72

Hajiya Rabi: Malam ai ba a raina mafari. Taron ma asali na lardunan gaɓar teku ne kawai, su John A. Macdonald, wanda daga baya ya zama firaministan Kanada na farko, suka roƙi a basu dama suka zo a jirgin ruwa, lokacin masu wasan sakos sun cika garin ko masauki babu, minista ɗaya ne ya shiga ɗan kwalekwale yaje ya tarbe su. Toh daga wannan zaman ne maganar ta kama

Malam Sabo: Hajiya naji, amma ba a sa hannu kan komai ba a wajen

Nura: Ƙin shigarsu kuma akwai dalili Malam, tun 1767 Turawan Ingila suka yanka tsibirin gida 67 suka raba ta hanyar ƙuri'a wa mutanen da wasunsu ko taka ƙasar basu taɓa yi ba, manoma na biyan haya shekara da shekaru akan jar ƙasar da su suka share da hannunsu, sai da Kanada tayi alkawarin dala 800,000 na sayen filayen sannan suka amince. Majalisar tarayya ma tayi doka a 2017 ta amince Charlottetown ce mahaifar ƙasar

Aminu: Ni abinda ke cimin rai duk musun nan ba wanda ya ambaci mutanen Mi'kmaq 'yan asalin wajen, Epekwitk suke kiran tsibirin tun kafin Bature ya ganshi, kuma ba a gayyace su taron ba. Ga Faransawan Akadiya da Turawan Ingila suka kwashe daga tsibirin a jiragen ruwa a 1758, dayawa a teku suka mutu

Hajiya Rabi: Wannan gsky ne Aminu. Nura dan Allah in ka samu lokaci kaje Lennox Island inda 'yan Mi'kmaq ke zaune ka gano mana yadda suke yanzu