Wai wa ke share zoben sama?

Ɗan Yelwa: Jama'a, raina a ɓace yake. Na gama bayanin aikina kan igiyoyin EMIC, wato igiyoyin lantarki da maganaɗisu da ke tasowa a sararin samaniya kusa da duniya, wani dattijo ya tashi ya ce wai wannan zai kawo mana wuta? Alhali igiyoyin nan, masu kaɗawa sau 0.1 zuwa 5 a daƙiƙa, su ke share ion (ƙwayoyin zarra masu caji) masu ƙarfi daga zoben lantarkin da ya kewaye duniya. Proton, wato ion na haidurojin, na juyawa jikin layin maganaɗisun duniya, igiya ta zo daidai da juyinsa ta karkata shi, ya gangara ya faɗa iskar sama. A ƙasar nan ba a daraja ilimi.

Injiniya Wunti: "Share" fa ka ce? Sassauta, ƙanena. Yawancin ion ɗin ta musayar caji suke fita. Ion ya gamu da haidurojin mara caji, ya ƙwace masa electron, maganaɗisu ya sake shi ya yi gaba. Igiyarka taimako kawai take yi.

Ɗan Yelwa: Yaya, lokacin guguwar rana fa? Irin ta Mayun 2024? A sa'o'i igiya ke aikinta, musayar caji kuwa sai ta ɗauki kwanaki.

Malama Pantami: Ku biyun kun bar jaki kuna dukan taiki. Ion ɗin ne da kansu ke haifar igiyar, idan zafin juyinsu ya fi na tafiyarsu a tsawon layi. Ta yaya za a ce ta share su? Kuma igiyar takan ɗumama ion na helium masu sanyi, wannan shara ce?

Injiniya Wunti: Malama, ba a kore ta gaba ɗaya ba. Taurarin ɗan'adam na Van Allen da NASA ta harba a 2012 sun auna ta sosai.

Malama Pantami: Kawo abin da suka auna ɗin.

Injiniya Wunti: Data ta ƙare.

Ɗan Yelwa: Dama ku 'yan Gombe komai Bauchi ta faɗa sai kun ja.

Malama Pantami: Au, mun koma nan? Tun 1996 muka samu jiharmu, har yau abin na damunku.

Baba Jekadafari: Ni dai tambayata, abin nan ne ke ɗauke mana sabis da daddare?

Injiniya Wunti: Baba, canza layi.

Baba Jekadafari: Yaro, ka iya bakinka. Sa'an babanka ne ni.

Shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da aka cimma: igiyoyin EMIC suna share zoben, kamar yadda ɗanmu na Yelwa ya yi bayani tiryan-tiryan. Injiniya ya ɗan yi ƙari. 'Yan Gombe ba su kawo hujja ba. Wanda bai biya kuɗin wata ba ya biya kafin Juma'a.

Malama Pantami: Shugaba, kai ma ai ɗan Bauchi ne.