Yaya zan cire layukan #ifdef daga kod ɗin C ba tare da na lalata sauran ba?

ɗan_Tumfure:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman taimako. Ina aiki a wani ɗan shago nan Gombe muna haɗa kwantirola na famfon sola, kuma kod ɗin da na gada an rubuta shi ne don bodi biyu, tsohon mai cif ɗin AVR da sabon mai STM32, ko'ina ka duba #ifdef TSOHON_BODI, #else, #endif (layukan da ke zaɓar sashen da za a haɗa wa kowane bodi), wani cikin wani har mutum ya rasa wanne ke rufe wanne. Tsohon bodin mun daina amfani da shi, oga yace in share duk abinsa. Na gwada gcc -E sai ya zubo min dubban layuka da ban taɓa gani ba, kwament ɗina duk sun ɓace. Da hannu kuma fayilolin sun yi yawa wallahi tsoro nake in goge #endif ɗin da ba shi ba.

Malam_Jekadafari:
Wa alaikumus salam ƙanina. gcc -E ba aikinsa kenan ba, shi yana kwaso duk abin da ka yi #include ya zuba, ya buɗe kowane macro, don kompaila yake shiryawa ba don idon mutum ba. Abin da kake so sunansa unifdef. Tsohon kaya ne daga BSD, wani reshen Unix, Dave Yost ya fara rubuta shi, Tony Finch ya sake gina shi, har masu Linux suna amfani da shi wajen cire sassan __KERNEL__ daga hedoji, wato fayilolin .h. In kana Ubuntu, sudo apt install unifdef, sannan:

unifdef -UTSOHON_BODI famfo.c > sabo.c

-U na nufin ka ɗauka wannan sunan babu shi, -D kuma akwai shi. Abin da nafi so da shi, duk sunan da baka ambata ba baya taɓa shi, kwament da #include suna nan yadda ka barsu.

Yar_Yelwa_Bauchi:
Malam ya faɗi gaskiya amma in ƙara abu biyu da suka taɓa cin min lokaci. Na farko #if 0 baya cire shi sai ka sa -k. Na biyu kuma, shi wannan ya fi ban haushi, in ya canza wani abu a fayil lambar da yake fita da ita 1 ce ba 0 ba, 2 ita ce matsala ta gaske, to ni na saka shi cikin Makefile, fayil ɗin da ke tsara haɗa kod, shi kuma duk lambar da ba 0 ba kuskure yake ɗauka, sai komai ya tsaya ina ta neman kuskuren da babu shi har dare. Kuma don Allah ɗan'uwa ka yi commit a git kafin ka sa -m, don shi a kan fayil ɗin kai tsaye yake rubutawa.

ɗan_Tumfure:
Allah ya saka da alheri. Na gwada a fayil ɗaya ya yi tsaf! To amma ta yaya zan tabbatar ban canza komai ba? Famfunan nan wasu a ƙauyuka suke can wajen Dukku, in ya tsaya mutane ne zasu rasa ruwa.

Malam_Jekadafari:
Tambaya mai kyau. Ka haɗa na STM32 kafin sharewa ka ajiye .bin ɗin, ka share ka sake haɗawa, sai ka gwada su da cmp, mai kwatanta fayil biyu, in ya yi shiru iri ɗaya ne. In iri ɗaya ne ka kwanta hankalinka. In sun bambanta duba ko akwai __LINE__ ko assert, don lambar layi ta motsa, ko __DATE__ da __TIME__, don su ranar da lokacin haɗawa suke sakawa. Don gwajin sai ka sa -b, yana barin layi fanko a gurbin wanda ya cire, lambobin basa canzawa. Bayan ka gama ka nemo TSOHON_BODI da grep har cikin Makefile, sau da yawa nan ragowar ke maƙalewa.

ɗan_Tumfure:
Da -b cmp bai ce komai ba Malam. Gobe in sha Allah zan bi sauran fayilolin.