Yaron da ɓargonsa ya daina samar da jini

Game da yaron da ɓargon ƙashinsa ya daina samar da jini, shawarar da iyaye da likitoci suka fi nanatawa ta zazzaɓi ce. Irin wannan yaro ba shi da isassun fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, don haka da zarar zafin jikinsa ya kai digiri 38, sai asibiti, ko tsakar dare ne. Kada a ba shi farasitamol a jira wayewar gari.

Sau da yawa garkuwar jikin ce da kanta ke kai wa ɓargon hari, shi ya sa ake danne ta da wani magani mai suna ciclosporin. Lokacin da yake shan wannan magani babu rigakafin ƙyanda sai da izinin likita. Asfirin ma a guje shi, yana ƙara zubar jini. In ana shirin dashen ɓargo, kada dangi su ba shi jini. Maganin ƙarin jini na kemis kuwa, ɓarnar kuɗi ce kawai.