Karen kiwo ya fara aiki lafiya, sai ya koma cizon tumaki: ina gyaran yake?

Na Gangare: Salamu alaikum. Tambaya ce ga waɗanda suka san horon karen kiwo, irin Border Collie da ake kora tumaki da shi a Sikotland da Wales. Kare ɗan wata 10 ya fara zagaye garke lafiya, bayan mako uku sai ya koma kutsawa tsakiya yana cafkar gashin tumaki. Me ake yi?

Baban Hauwa: Wa alaikumus salam. Malam, fara duba tumakin kafin ka ɗora wa karen laifi. Ana farawa da tumaki 4 zuwa 6 da suka saba da kare, a cikin shinge mai zagaye, faɗinsa kamar mita 15. Waɗanda ba su saba ba watsewa suke yi, gudun nan kuwa shi ke tayar masa da jinin farauta. Kada a saka tunkiya mai shayarwa ko rago. Tunkuyi ɗaya ya isa ya sa ƙaramin kare tsoro, kuma yawancin cizon nan na tsoro ne, ba mugunta ba.

Mai Sanda: Haka ne. Sai kuma tsayuwarka. Ka ɗauki garken kamar fuskar agogo: kana kan 6, karen yana kan 12. Ka riƙa ja da baya tumakin suna bin ka, yana turo su. In ka tsaya cak, sun taru a gwiwarka, bai da wurin kai su, sai ya faɗa ciki. Da ka ga ya ɗaga wutsiya ya matso, ka shiga tsakaninsa da su, ka buga sanda a ƙasa, ka yi tsawa sau ɗaya. A ƙasa fa, ba a jikinsa ba. Karen da aka doka yakan bar tumakin gaba ɗaya, dawo da shi kuwa sai an sha wuya.

Inna Mairo: Horon minti 10 zuwa 15 ya wadatar, da sassafe. Da harshe ya zazzago yana haki, ba ya jin komai.

Baban Hauwa: Ni dai a ganina a ɗaura masa doguwar igiya, mita 8 haka, a taka ta idan ya zabura.

Mai Sanda: Yaya, a nan mun saɓa kaɗan. Igiya tana harɗe ƙafar tumaki, kuma kare yana gane ranar da aka cire ta. Ta kwana biyu ce kawai, don koya masa "kwanta". Akwai ma akasin matsalar kutsawar nan: karen da zai lafe a ƙasa ya ƙura wa tumaki ido ya ƙi motsi. Shi kada a yawaita ce masa ya kwanta. A ƙara tumakin su kai 20 ko 30, a riƙa tafiya da su, dole ya tashi.

Inna Mairo: Ɗana, in duk an yi wannan bai daina ba, a raba shi da tumaki mako uku ko wata guda. Wani karen ba ya nutsuwa sai ya haura shekara. A canza tumakin ma, don waɗanda aka daɗe ana horo da su manne wa mutum suke yi, ba su koya wa kare komai.

Na Gangare: Na gode. Akwai rago ɗaya a cikinsu kuwa, shi za a fara cirewa.