Wai da gaske asfirin kullum yana ƙara tsawon kwana?

Maman Hanif:
Salamu alaikum ƴan uwa, dan Allah masana lafiya ku taimaka min. Babanmu shekararsa 72, lafiyarsa ƙalau in banda ɗan hawan jini, to wani abokinsa na majalisa ya ce masa wai bincike ya nuna ƙaramin asfirin yana tsinka jini yana hana shanyewar ɓarin jiki, tun bayan sallah kullum sai ya haɗiyi ɗaya ya kora da koko, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya saboda yana da olsa.

Anti Nas:
Wa alaikumus salam ƴar uwa. Abokin Baba rabin zance ya ɗauko. Wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, shi kam likita kan ɗora shi a kai kuma yana masa amfani, amma tsoho mai lafiya lissafinsa daban. Akwai binciken ASPREE da ya fito a 2018, an yi shi a Ostireliya da Amurka kan mutum sama da 19,000, yawancinsu ƴan 70 zuwa sama. Ƙuri'a aka yi aka raba su biyu, rabi asfirin rabi ƙwayar da ba magani a ciki, aka bi su kusan shekara 5. Masu asfirin ba su fi tsawon rai ba, sai ma zubar jini mai tsanani da ya fi yawa a cikinsu, kashi 3.8 cikin ɗari, ɗaya ɓangaren 2.8.

Ɗan Kasuwa:
To ni dai kakana ya sha shi shekara da shekaru kuma sai da ya haura 90. Kuma Anti bambancin kashi ɗaya ai ba wani abu bane.

Anti Nas:
Allah ya jiƙan Kaka, amma mutum ɗaya ba ya zama hujja malam, wa ya san ko da bai sha ba ma zai kai hakan, shi ya sa ake raba mutane biyu a gwada. Kashi ɗayan nan kuma a mutum dubu ƙarin mutum goma kenan da jini ya ɓalle musu a ciki ko a ƙwaƙwalwa, ba tare da wata riba ba. Ga olsa kuma. Maman Hanif ku kai shi asibiti da katin maganin a hannu, ki kuma tambaye shi ko bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta, in haka ne yau ɗin nan za ku tafi.

Maman Hanif:
Na gode Anti, Allah ya saka da alheri. Tambayar nan dai da nauyi wallahi, sai dai na sa Yaya ya yi masa.