Fairasi da fayil-sheyarin: wace kalma za mu aza musu da Hausa?

Jama'a ina biɗar taimako ga kalma, kuma don Allah a karanta har ƙarshe kahin a ce mani ai muna da "satar fasaha", na san muna da ita, ita ce ma damuwata. Ana son a shirya ɗan bayani da Hausa wanda za a karanta ma samarinmu masu shagunan caji da tura fina-finai nan cikin garin Sakkwato kan dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Buhari yas sa ma hannu cikin watan Maris na 2023 tam maye gurbin tsohuwar ta 1988, to wurin rubutawa sai ga shi duk inda anka juya kalma guda ce muke da ita, alhali dokar ta rarraba abubuwa.

Ku duba ku gani. Wanda yak kwashe labarin wani yac canza sunayen taurari yac ce nashi ne, satar fasaha. Wanda yab buga faifan sidi dubu na fim ɗin da ba nashi ba yak kai kasuwa, satar fasaha. Yaron da yat tura ma abokinshi waƙa ta Xender, satar fasaha. Wanda yab buɗe gurup na Telegram yana zuba ma mutum dubu ashirin sabbin fina-finai da littattafai, shi ma satar fasaha. Haba, ko ga alƙali ai ba a haɗa waɗanga huɗu ga hukunci guda. Abin da ni ke biɗa kalmomi biyu ne, guda ta aikin kanshi wato fayil-sheyarin, tura ma juna fayil ta waya ko intanet, guda kuma ta laifin wato abin da 'yan fim ke kira fairasi.

Kuma ga wani abu, nan Sakkwato kalmar sata ba kalmar wasa ba ce. Duk wanda yay yi karatun zaure har yak kai Risala ya san sata mai haddi tana da sharuɗɗa, sai an ɗauke abu a ɓoye, daga ma'ajiyarshi, kuma ya kai nisabi, rubu'in dinari ko dirhami uku, kuma malamai sun raba ta da ƙwace da fizge da ha'inci, kowane da sunanshi da hukuncinshi. To ka je ka ce ma yaro mai shago ga Emir Yahaya ko Mabera "kai ɓarawo ne", abin da zai hwara ce maka shi ne mi niɗ ɗauka? fim ɗin yana nan hannun mai shi, ban fasa ɗakin kowa ba, ni ma turo mani anka yi. Kuma daga nan ya rufe kunnuwanshi, duk bayanin da za ka yi bayan wanga ya tashi banza. Abin mamaki ko Amurka an yi wagga gardama, ga 1985 kotun ƙolinsu ga shari'ar Dowling, wani da ke buga fayafayen waƙoƙi ba da izini ba, tac ce keta haƙƙin mallaka ba daidai yake da satar kaya ba don ba a raba mai abu da abinshi ba. Amma sai ga shi bayan shekara 12 majalisarsu tay yi doka tas sa kalmar sata cikin sunanta, kun ga su ma ba su daidaita bakinsu ba.

Sannan mu garinga da kwafi munka tashi. Littattafan Shehu Usmanu da na Abdullahi na Gwandu da na Sarkin Musulmi Bello da waƙoƙin Nana Asma'u ba injin ɗab'i yak kai su Adamawa da Nufe ba, almajiri ne zai aro ya zauna da tawada da alƙalami ya kwafe, wani ya kwafa daga nashi, kuma lada ake nema ga hakan. Har yau malamanmu na cewa a tura karatu a samu lada. To mutumin da yat tashi da wanga tunani, hannunshi ba ya jin nauyin danna "tura".

Kar a fahimce ni baibai, ban ce ba laifi ba ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ga zamanta na Kuwait ga 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ke karewa, bai halatta a keta shi ba. Kuma duk mun ga yadda kasuwar sidi ta 'yan Kannywood tam mutu, memori da tura-tura na cikin abubuwan da sunka kashe ta, furodusa ya kashe kuɗɗinshi fim ya fito da safe kahin la'asar yana cikin wayar kowa, shi yas sa da yawa sunka koma yin masu dogon zango ga YouTube. Zalunci ne. Sunan da zai kama shi daidai ni ke biɗa.

Yanzu bari in bi shawarwarin da wasunku sunka riga sunka aiko mani kan waɗanga kalmomi.

Yayana da yac ce mu fassara kai tsaye mu ce "fashin fasaha" tunda asalin kalmar fairasi ga Turanci ta 'yan fashin teku ce, yaya ka yi haƙuri wagga ba za ta shiga ba. Yanzu ga yankinmu in kac ce fashi ko ɗan fashi kowa ya san abin da ke zuwa ga rai, mutanen Isa da Sabon Birni da Rabah sun san mi ake kira fashi, ba za mu ɗauki kalmar mu aza ma yaro mai laftof ba.

"Jabu" kuma da ƙanwata tak kawo, tana da wurinta amma ba nan ba. Jabu abu ne da anka kwaikwaya ya yi kama da na gaske alhali bai kai ba, awa jabun magani ko jabun kuɗɗi. Shi kuwa fayil in an kwafe shi ba ya da bambanci da na asali ko ƙanƙane, kwafi na dubu daidai yake da na fari, wanga ma shi ne dut tushen matsalar, zamanin kaset in ka yi kwafin kwafi sauti na dushewa, yanzu babu wanga. Sai dai a bar ma sidi mai bugun bango na ƙarya, a ce jabun faifai.

Wanda yac ce "wasoso" ya ban dariya amma walle akwai magana ciki, wanda yaɗ ɗora sabon fim ga gurup ai wasoso yas sa da kayan mutane. Sai dai ba ta shiga takardar doka, ga raha da habaici dai ta yi.

Ga aikin kanshi ni ina ganin ba mu da buƙatar ƙirƙira, kasuwa ta riga ta raɗa mashi suna, tura-tura. Kowa ya san 'yan tura-tura. Abin da nis so ga kalmar shi ne ba ta yanke hukunci ba, tura-turan tafsirin da malam yay yi izini halal ne, tura-turan littafin da marubucinshi yad daɗe da rasuwa ba laifi tunda ga dokar Najeriya haƙƙin littafi na ƙarewa shekara 70 bayan mutuwar mai shi, na fim kuma shekara 50 bayan fitowarshi, tura-turan fim ɗin da yaf fito jiya shi ne matsala. Sai mu riƙe "mai ɗorawa" da "mai saukewa", waɗanga biyu tilas su zauna daban don nan ne dokokin duniya sunka fi rarrabuwa.

Bari in ɗan tsaya nan don shi ne dalilin da yas sa nid dage. Amurka da farko sai kana cin riba ake kama ka da laifin da ke kai mutum gidan yari. Ga 1994 an gurfanar da wani ɗalibin jami'ar MIT, David LaMacchia, da yab buɗe wuri ga intanet mutane na ɗora manhajoji suna saukewa, alƙali yay yi watsi da ƙarar don ko sisi bai karɓa ba kuma dokar lokacin ba ta kama irin nashi ba, shi ne ga 1997 sunka yi waccan dokar da nif faɗi, tac ce ko ba riba in abin da kar raba cikin kwana 180 ya wuce darajar dala 1,000 ka shiga laifi. Siwidin ga 2009 ta ɗaure mutum huɗu na shafin Pirate Bay, wanda mutane ke bi su sauke fina-finai, shekara guda-guda da diyyar kurona miliyan 30, su kuwa hujjarsu ita ce ba su aje fim ko guda ba, hanya kawai suke nunawa, kotu tac ce taimaka ma laifi ne. Faransa ga 2009 ta kafa hukumar Hadopi mai gargaɗi hawa-hawa, saƙon imel, sannan wasiƙa, sannan kotu, har da yanke ma mutum intanet kahin su soke wanga hukuncin ga 2013. Japan ita ce tab bi mai saukewa kai tsaye, daga Oktoban 2012 in ka sauke waƙa ko fim na sayarwa kana sane ba da izini anka ɗora shi ba, ɗaurin da zai iya kai shekara 2 ko tarar yen miliyan 2, mai ɗorawa kuma har shekara 10. Ingila ma ga 2017 ta ɗaga nata zuwa shekara 10. To ka gaya mani yadda za ka bayyana wanga duka ga rediyo da kalma guda, mai sauraro zai ɗauka duk wanda ke da waƙa ga waya ɗaurin shekara 10 na jiranshi, ko kuma ya ce tunda kowa ɓarawo ne to ba kowa.

Tamu ta 2022 nauyinta ya fi ga mai ɗorawa da mai kasuwanci da abin, ta ba mai haƙƙi ikon ya aika ma kamfanin da ke riƙe da shafi takarda a cire kayanshi, ta ba Hukumar Haƙƙin Mallaka ta ƙasa ikon sa a toshe shafi, kuma shari'ar ta Babbar Kotun Tarayya ce, ba ta kotun shari'a ta jiha ba, wanga ma wani dalili ne na kada mu ruɗa mutane da kalmar da ke da haddi.

Akwai kuma nau'in da ake kira toren, inda ba wata rumbu guda da ake ɗiba, kowa na saukewa kuma lokaci guda kwamfutarshi na tura ma wasu guntayen da tas samu, wato mai saukewa ya zama mai ɗorawa ko bai sani ba, kuma ta nan ake kama mutane Turai don lambar intanet ɗinka na bayyane ga duk wanda ke cikin rabon. Wani ɗalibi daga Jami'ar Ɗanfodiyo yac ce a kira shi "ban gishiri in ba ka manda", ƙanena Allah shi yi maka albarka, ta zauna daram, in tsawo yay yi yawa ga rubutu a ce tura-turan ba-ni-in-ba-ka.

Saura babbar, sunan laifin. Malam, Allah shi gafarta, naka nib bari ƙarshe don shi ne yat tsaya mani ga rai, "cin iyaka". Duk manomi daga fadamar Rima har Tambuwal ya san cin iyaka, maƙwabcinka bai ɗauke gonarka ba tana nan inda take, amma kowace damina yana matso kunya guda cikin taka yana girbe abin da kai ya kamata ka girbe, ba wanda zai kai shi ga alƙali da sunan ɓarawo kuma ba wanda zai ce ba ya da laifi, kuma mun taso muna jin tsananin gargaɗin da anka yi kan cin ko taki guda na ƙasar wani. Haƙƙin mallaka ma ai iyaka ce doka tas shata, ta ce daga nan zuwa nan na mai abu ne har shekara kaza, kuma ta bar 'yan hanyoyi ga mai karatu da mai bincike da mai sharhi. Kalmar kuma tana karɓar ƙarami da babba, akwai wanda yac ci kunya guda akwai wanda yac ci rabin gona, abin da sata ba ta yi muna ke nan.

Na ga wanda yac ce "cin haƙƙi" ta isa. Ta yi faɗi da yawa ɗan'uwa, wanda yah hana lebura kuɗɗinshi ma cin haƙƙi yay yi, mai tauye mudu ma haka. Na kuma ga mai cewa ɗan birni da bai taɓa riƙa kalme ba ba zai gane cin iyaka ba, to wanda bai yi rigimar gona ba ai ya ga rigimar fuloti.

Ga yadda za mu rubuta cikin bayanin: tura-tura ga aikin, mai ɗorawa da mai saukewa ga mutanen, cin iyakar fasaha ga laifin gaba ɗaya. Satar fasaha ba mu kore ta ba don ta riga ta zauna ga bakin 'yan jarida, amma mu za mu taƙaita ta ga wanda yaɗ ɗauki aikin wani yas share sunan mai shi yas sa nashi, nan kam an raba mutum da wani abu. Jimlar gwaji ga ta, ku karanta da ƙarfi ku ji ko ta zauna ga baki: "Dokar 2022 ta mai da cin iyakar fasaha ta hanyar tura-tura ga intanet laifi, musamman ga mai ɗorawa don neman kuɗɗi." Wadda har yanzu ba mu samu ba ita ce ta takardar nan da mai haƙƙi ke aikawa a cire kayanshi daga shafi, an kawo "takardar tsige" da "sammacin cirewa", ta biyun na da matsala don sammaci daga kotu yake fitowa ita kuwa wagga mai abu ne ke rubuta ta da kanshi, masu aikin lauya da ke nan ku taimaka muna da ita kahin Jumu'a.