Masu shafa tona a Legas, ku zo ku ba mu labari

Maman Ilham, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni dai tunda aure ya kawo ni Legas daga Zariya fuskata ta ƙi zama lafiya, kafin azahar maiƙo ya cika goshi da hanci, in na shafa hoda sai ta dame da zufa, ga ƙananan ƙuraje a haɓa. Wata mai shago a kasuwar Balogun ta ce tona, ruwan nan da ake goge fuska da shi bayan an wanke, kawai nake buƙata, ban saya ba tukuna sai na ji daga bakin wadda ta gwada.

Anti Balaraba, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Gara da kika tambaya wallahi. Ni wadda na fara saya mai alkohol ce sosai, in na goga da auduga sai fuskar ta yi sanyi tana ɗan raɗaɗi, ni kuma a zatona aiki take yi, ban yi sati uku ba gefen hancina ya fara saɓa, maiƙon kuma yana nan bai je ko'ina ba. Da na je wajen likitar fata cewa ta yi raɗaɗin nan ba aiki ba ne, fatar ce take ƙonewa a hankali. Ki juya bayan kwalbar, in kika ga an rubuta alcohol denat, wato alkohol ɗin, a sahun farko na jerin kayan haɗin ki mayar musu da kayansu.

Hauwa'u, Obalende:
Anti gaskiya kika faɗa. Ni a kemis nake aiki, kullum sai an yi min wannan tambayar. Fatar fuska tana da ɗan tsami-tsami, pH ɗinta, wato ma'aunin tsamin, wajen 5, shi kuma sabulun salo da sabulun wanka na dunƙule suna kaiwa 9 zuwa 10, shi ya sa bayan wanka kike jin fuska ta ɗaure tamau. Asalin aikin tona kenan, ta kwashe ragowar sabulu da hoda ta taimaka fatar ta dawo daidai. Amma fa ba iri ɗaya ba ce. Mai maiƙo da ƙuraje irin naki Maman Ilham ki nemi mai salisilik asid kashi 2, shi yana narkewa a cikin mai don haka yana shiga ramukan fata ya wanko dattin ciki. Da dare kawai, sau biyu ko uku a sati tukuna. In da juna biyu ko kina shayarwa ki fara tambaya a asibiti. Zancen wai tana rufe ramukan fuska kuma ba haka ba ne, suna dai rage fitowa in sun yi tsafta.

Ummu Sadiq, Ajah:
Ni tawa matsalar bushewa ce, ruwan bohol ɗin unguwarmu ga sanyin esi a ofis wuni guda. Mai ruwan wardi da gilisarin nake sawa, ba da auduga ba, a tafin hannu nake zubawa in daddanna, kafin ta bushe in bi da mai. Ta min amfani sosai alhamdulillah.

Zee, Alaba Rago:
Dan Allah ku yi hattara da waɗanda ake haɗawa a zuba a kwalba babu suna babu lambar NAFDAC a ce tona ce mai sa haske. 'Yar yayata ta sayo irinta, sati biyu ta yi fari kowa na yabawa, yanzu kumatunta sun yi ja, jijiyoyi sun fito, ko daga gida zuwa bakin titi ta taka a rana sai ta dawo tana kuka. Bilicin ne aka canza masa suna. Har yanzu muna zaryar asibiti.

Hauwa'u:
Allah ya ba ta lafiya Zee. Na manta ma, mai gilaikolik asid tana sa fata ta ƙara jin rana, ba a shafa ta sai da man kariyar rana da safe, balle mai zama a danfo cikin gosulo, in ba haka ba tabon da ake son ya fita ƙara baƙi zai yi.

Maman Ilham:
Amin ya Allah. Na gode muku ƙwarai, ashe sabulun salo ɗin da nake dirza safe da yamma har da shi a ciki. Hauwa'u in fara canza sabulun ne in ga yadda za ta yi, ko in haɗa duka lokaci ɗaya?